Shafin da Ya Raba Ni da Kawu

Allah da Ya ba mu Kawu Ya karɓi abinSa wata Laraba da hantsi, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Ni ina Yamai a lokacin. Sai da na yi kwana da yini a mota kafin na iso Gure, na tarar an shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gida, maza sun cika rumfa. Ban ga fuskarsa ba, ban ga makararsa ba. Takalmansa kawai na gani a bakin zaure, ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗauke su.

Masu ta'aziyya suna ta shigowa, kowa da irin nasa bayanin. Tsofaffin malaman da suka koyar tare da shi suka ce an yi rashin mai gaskiya, ɗayansu ya ƙara da cewa gaskiyar tasa dai ba kullum take haɗiyuwa ba. Wani dattijo mai lambu daga wajen Gidigir ya zo da ƙwaryar dabino, ya ajiye ta ya zauna. Can ya ce shi bai san abin da mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, yake yi wa takardun yara ba, amma ya san ɗansa ya shiga gidan nan da hawaye, ya fita ya je ya ci jarrabawarsa. Maƙwabciyarmu mai shagon atamfa ta ce yanzu ƴan jami'a sa huta, babu mai tsare su a zaure da jan bik, alƙalaminsa na gyara. Tana faɗa tana dariya, tana kuma share ido da gefen mayafi. Wayar babban ɗansa kuwa ko numfashi ba ta yi, daga Damagaram, daga Maraɗi, daga Yamai, duk mutanen da ya taɓa gyara wa rubutu ne.

Abu guda kowa yake maimaitawa da yabo. Wai ranar Litinin, kwana biyu kafin cikawarsa, ya tara iyalinsa ya nemi gafararsu, shi ma ya yafe musu. Bai ce ya yafe wa kowa da kowa ba kamar yadda ake yi, don Kawu bai iya maganar da ake lulluɓewa ba. Ɗaya bayan ɗaya ya bi mutane yana kiran suna. Duk lokacin da aka ba da wannan labari sai na ƙara kasa kunne, domin shekara shida ke nan ni da shi ba mu zauna mun yi magana ba. Gaisuwar Sallah ma ta bakin mahaifiyata take zuwa masa. Abin da ya kawo ni Gure, ban da ta'aziyya, shi ne in san ko sunana yana cikin waɗanda ya kira.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara riƙe hannuna ya koya mini rubutu, shi ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, a bayan kekensa, yana yi mini faɗa a hanya cewa ina kaɗa ƙafa za mu faɗi. Ya yi shekaru yana koyar da Faransanci a kwaleji, da ya ajiye aiki sai muka zaci zai koma lambunsa na kwari ya huta da hayaniyar yara. Yaran ne suka ƙi barinsa. Sun girma, sun tafi jami'a, kuma duk wanda zai gama dole ya rubuta kundin bincike, wanda suke kira memwar, ya kare shi a gaban malamai. A farkon kowane kundi akwai shafi guda da ake taƙaita aikin duka a cikinsa, shi ne rezime. Wannan shafin suke kawo masa idan an zo hutu, wasu daga tasha ma gidansa suke wucewa kafin su ga iyayensu.

Bai taɓa yarda ya gyara kundin kansa ba. Yakan ce wannan tsakaninka da malaminka ne. Shafin gaba kawai yake nema, domin a cewarsa shi kaɗai ake karantawa. Malaman da za su yi maka tambayoyi shi suke dubawa da safen ranar, ɗakin karatu shi yake sawa a na'ura, mai biro, wato ma'aikacin ofis, da ke neman hujja shi yake kwafa. Sauran shafi ɗari da wani abu kuwa, in ka cire marubucin da gara, babu mai shiga cikinsu.

Yadda yake koyar da abin, ba wanda ya zauna a zauren nan da zai manta. Sai ya ɗaga hannun hagu ya ce ka ɗauka maigida ya aike ka neman raƙumansa da suka ɓata, ka dawo, yana tsaye yana jiranka. Babban yatsa, me ya ɓata kuma me ya sa ake damuwa. Na biyu, me aka aike ka yi. Na uku, ina ka bi, wa ka tambaya. Na huɗu, me ka tarar. Ƙaramin yatsa, yanzu me maigida zai yi. Jimla ɗaya ko biyu ga kowane yatsa, ban da na huɗu, shi yakan ba shi uku. Ya ce ɗalibai duk a babban yatsa suke kwana. Sai su faro da halin da duniya take ciki a yau, su zagaya da sauyin yanayi, su leƙa talaucin nahiya, shafi ya ƙare ba su iso Gure ba. In ya ga irin wannan yakan cire tabarau ya tambayi mai takardar ko maigidan ya ce bai san raƙumi dabba ba ne.

Wani lokaci kuma ɗalibi ya rubuta cewa wannan aiki zai yi ƙoƙarin gano kaza, alhali an gama aikin har an ɗaure shi. Kawu sai ya juya kundin gaba da baya, ya auna nauyinsa a hannu, ya ce ashe duk wannan shirin tafiya ne, to Allah Ya kiyaye hanya. Ana dariya, mai takardar yana gumi.

Amma jarrabawar gaske ba a hannunsa take ba, tana hannun matarsa, wadda duk muke kira Iya. Iya ba ta taɓa shiga lakwal ba. Tana zaune ƙarƙashin dogon yaro tana tsinkar zogale ko tankaɗe, sai Kawu ya ɗora shayi ya tura ɗalibi wurinta. Dole ka faɗa mata aikinka da Hausa ko da Barbarci, ba takarda a hannu, kafin shayin ya tafasa. Sannan ita ta ɗaga murya ta maimaita wa Kawu abin da ta ji. In ta iya faɗin abin da ka tarar, ka ci, je ka rubuta shi da Faransanci. In ta ce yaron nan dai ya ce ya sha wahala ya yi yawo ƙauyuka, to ka koma tabarma. Na ga mai gemu da ke shirin zama injiniya ya koma sau huɗu. Babban ɗan Kawu, taubashina, yakan tsokane su ya ce uwarsa ta fi duk malaman jami'a yawan kayar da mutane, kuma ita ba a ɗaukaka ƙara a kanta.

Da zafinsa, yana da wani irin tausayi da ba ya son a gani. Akwai wani ɗalibi ɗan Kelle da ya yi shekara yana gwada wani irin gero a gonar mahaifinsa, a ƙarshe geron nan ya fito daidai da na gida, bai fi shi ba ko da zangarniya ɗaya. Ya zo yana cewa shekararsa ta tafi a banza, ba shi da abin sawa a yatsa na huɗu. Kawu ya ce masa wanda ya je har rijiya ta bakwai ya dawo ya ce raƙuman ba su bi ta can ba, ya hutar da maigida tafiyar kwana uku. Ya sa shi ya rubuta hakan ƙarara, cewa an gwada, bai fi ba. Ɗalibin yana tsoron malamai za su yi masa dariya, sai Kawu ya sa babbar rigarsa ya shiga mota har Damagaram ranar kare kundin, ya zauna a kujerar baya da sandarsa. Da aka tashi, ya sayo wa Iya tabarmar roba ya dawo gida. Da muka tambaye shi me ya kai shi, ya ce tabarma.

Ni kuwa da tawa ta zo, na ɗauka hanya a share take. Ba ni ce ƴar gida ba? Aikina a kan shingen kaba da ƙirare ne da ake kafawa a kan tudun rairayi don kada yashi ya gangaro ya binne lambunan kwari, inda mutanenmu suke noman rogo da albasa ƙarƙashin dabino. Na yi watanni ina yawo da awo, ƙafafuna suka tsage. Abin da na tarar bai yi mini daɗi ba. A kwari guda shingen ya riƙe, domin mutanen wurin sun hana dabbobi hawa tudun kuma sun dasa itatuwa a bayansa. A sauran wuraren duk yashi ya hau kansa ya wuce kafin damina biyu. Haka na rubuta a cikin kundin, can tsakiya, ban ɓoye komai ba.

Malamin da ke duba aikina ne ya kira ni ya ce shafin gaba kada ya zama na makoki. Akwai wani furoje, wato shirin raya karkara, da ke neman matasan da zai ɗauka aiki, kuma masu furoje ba sa son jin cewa abin da suke kashe ƙarfi a kai ba ya aiki. Ya ce in sa kwarin da ya yi nasara, in ba da shawarar a faɗaɗa, mai son sauran ya shiga ciki ya karanta. Ban yi masa gardama ba. Gaskiya ma daɗi na ji, don ina son aikin.

Na zo hutu na miƙa wa Kawu shafin ina taƙama. Ya karanta, ya ce madalla, yatsu biyar sun cika, ya ɗora shayi ya tura ni wurin Iya. Na faɗa mata, ta ɗaga murya ta ce ƴarka ta ce shinge yana tsare yashi, a ƙara kafawa. Da a nan aka tsaya da na tsira. Sai dai Kawu yana da lambu a ɗaya daga cikin wuraren da na auna, kuma da idonsa ya ga yashi ya shanye masa layin rogo biyu. A ranar ya karya dokarsa, ya ce in ba shi kundin duka. Ya kwana biyu yana karantawa, rana ta uku bayan azahar ya kira ni zaure.

Na riga shi magana. Na ce ban yi ƙarya ba, kowace kalma a shafin gaskiya ce.

Ya ce, "An aike ki neman raƙuma goma. Kin tarar da tara sun mutu a hanya, ɗaya yana kiwo. Kin dawo kin ce wa maigida kin ga raƙuminsa yana kiwo lafiya. Wace kalma ce ƙarya a ciki? Babu. To je ki faɗa masa haka, ki kuma ce ya ƙara tura wasu ta hanyar."

Na ce zamani ya canja, shi bai san yadda ake samun aiki yanzu ba. Na ce shekara talatin yana gyara wa mutane shafi ɗaya, shi bai taɓa rubuta kundi ko guda ba. Wannan maganar har yau in na tuna ta sai na ji kamar in nutse. Bai ɗaga murya ba. Ya mayar da murfin jan bik ɗinsa, ya turo mini kundin da shafin a kai ba ko ɗigo, ya ce wannan ba gyara yake bukata ba, kuma ba da hannunsa ba.

Da na tsaya a nan, da wataƙila Sallah ɗaya ta isa ta wanke abin. Amma na ƙara da wani. A shafin godiya na rubuta cewa ina gode wa kawuna, wanda ya duba rezime ɗin nan da idonsa na gwani. Na sa sunansa cikakke. A raina na ce ai ya duba ɗin, kuma in ya ga na girmama shi zai sauko. Ban gaya wa kaina ɗaya dalilin ba, wato duk wanda ya fito daga yankinmu ya san sunan nan, ya san shafin da ya bi ta zaurensa ba a shakkarsa. Da kundin ya iso hannunsa, saƙo ɗaya ya aiko ta bakin mahaifiyata, cewa in cire sunansa. Na ce an riga an ɗaure, an ajiye. Daga nan bai sake aiko da komai ba, ni ma girman kai ya hana ni zuwa.

Na sami aikin. Aka kafa shinge a wurare da yawa, ni da kaina na riƙa zuwa da mota ina duba masu kafawa, ina kwana a Gure gidan mahaifiyata, ina bin wata hanyar don kada in wuce ƙofarsa. Ba zan ce shafina ne ya sa aka yi ba, masu furoje da ma sun yi niyya, amma na gan shi a cikin takardunsu an ja masa layi. Mutanen da ya kamata a taimaka musu su dasa itace ko su nemi wani wurin sun yi shekaru suna saran kaba suna kafawa, yashi yana binnewa. Lambun Kawu yanzu kan dabino kawai ake gani. Taubashina ya ce tsohon ya ci gaba da zuwa har lokacin da ƙafa ta gaza, ya zauna a kan tudun ya dawo.

Bara na yi yunƙurin gyarawa. Na rubuta shafin gaskiya, yatsa na huɗu da jimlolinsa uku, na kai ɗakin karatun da aka ajiye kundin na roƙi a musanya. Ma'aikacin ya yi mini fara'a ya ce kundin da aka karɓa ba a taɓa shi, kuma ai ya daɗe da shiga na'ura, ko an yage wannan kwafinsa yana ko'ina. Na dawo da takardar na sa a jaka da niyyar in kawo wa Kawu. Sallah ta zo ta wuce, ban zo ba. Makonni biyu kafin rasuwarsa mahaifiyata ta kira ni ta ce yayanta ba shi da lafiya, in zo. Na ce muna da taro a biro, in an gama zan taho. Taron kwana uku ne. Sauran kwanakin tsoro ne kawai ya riƙe ni, ban san da wace fuska zan shiga zauren ba.

Ranar sadakar uku wata ɗaliba ta zo ta durƙusa ta yi mini gaisuwa. Ta ce ta san ni tun kafin ta gan ni, domin a ajinsu rezime ɗina ake raba musu a matsayin misalin wanda ya tsaru, kuma malaminsu yakan nuna musu sunan mushe a shafin godiya ya ce ga hannun da ya bi ta kai. Ta ce ita ma a kansa ta ɗora nata. Na ce Allah Ya yi mata albarka. Na so in gaya mata gaskiya, na duba na ga mata sun cika tsakar gida ana rabon waina, na sallame ta. Ko a ranar ma ban iya ba.

Sai da mutane suka ragu da la'asar na shiga ɗakin Iya. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, carbi a hannu, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Na zauna kusa da ita muka yi kuka tare, sannan na tambaye ta. Na ce ranar Litinin ɗin, ko ya kira sunana.

Ta ce ya kira mahaifiyata, ya kira ƴaƴansa ɗaya bayan ɗaya, ya kira surukansa, har mai kawo musu ruwa a kura ya kira. Da mahaifiyata ta ga ya tsaya, sai ta tuna masa da ni.

Iya ta ce, "Sai ya ce a bari ki zo, maganarku ta baki da baki ce. Ranar Talata sau biyu yana tambaya ko motar Damagaram ta iso."

Na riƙe hannunta na ce, Iya, ke kin san shi fiye da kowa. Tun da yana jirana, ai yafe mini zai yi. Ki ce mini haka ne.

Ta dube ni da jajayen idanu, ta ce, "Ƴata, ni na yafe miki nawa tun tuni. Nasa kuwa ban ji ba. Da na ji da na faɗa miki."

Na roƙe ta sau biyu, sai ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta.

Na rubuta wannan ne don waɗanda suka zauna a zaurensa su tuna shi, don kuma waɗanda aka raba wa shafina su san cewa mutumin da aka sa sunansa a kai ya karanta ya ƙi. Na san kaɗan ne za su ga wannan, wancan kuwa yana can ana ta kwafarsa. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba Iya haƙurin zama babu shi. Ni kuma in kun yi masa addu'a ku sa ni a ciki, domin ya tafi bai ce ya yafe ba, kuma kwana biyu ya yi yana jiran in zo ya faɗa mini ko ma mene ne.